Kawu, ga labarin gayaunarmu ta Ingila

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya. Saƙonku ya iso, kuma sau uku na saurare shi saboda dariyar da kuka yi a ƙarshensa. Kun ga hotona da takalmin roba, hannu duk laka, kuka ce ashe duk karatun da kuɗin jirgin don a je a duƙa ne a ƙasar Turawa. Sannan kuka tambaya wa ya ba baƙo gona, kuma buhu nawa ake ɗauka. To bari in warware muku zare da abawa.

Da farko dai ba gona ba ce, gayauna ce. Su a nan alotmen suke ce mata. Fili ne babba da aka kewaye da waya a tsakiyar unguwa ko bayan layin dogo, aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowa da nasa yanki da lambarsa. Cikakken yanki kusan murabba'in mita 250 ne, wato sai an haɗa arba'in kafin a sami hekta ɗaya. Yanzu ma saboda yawan masu nema, rabi ake ba sabon shiga. Rabin ne a hannuna. Na san kuna jin wannan za ku ce ko garken awakinku ya fi shi, kuma ba zan yi musu ba.

Ba saya ake yi ba, haya ce ta shekara, galibi daga hannun ƙaramar hukuma. Tun 1908 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da irin waɗannan filaye idan mutanen gari suna buƙata, kuma dokar 1922 ta fayyace cewa kayan lambu da 'ya'yan itace ne mutum zai noma domin cin gidansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da abinci ya yi wuya, gwamnati ta sa jama'a suka duƙufa, har yankunan suka haura miliyan ɗaya. Mu nan Bamingam muna cikin masu sa'a, domin garin yana da irin waɗannan wurare sama da 100. Duk da haka layi ake bi. Ka rubuta sunanka, ka koma ka manta. Ni sai da na shekara uku kafin aka kira ni. Ba a tambayi garinmu ko addinina ba, adireshi kawai aka duba. Aka miƙo min makullin ƙofa da takardar sharuɗɗa, aka nuna min wani kango da ciyawa ta kai min ƙugu, aka ce ga naka.

Abin da na fi so ku gane shi ne wannan: ku ruwa kuke jira, mu sanyi muke jira ya tafi. Ruwa kam a nan ba a roƙonsa, wani lokaci ma addu'ar ɗaukewarsa ake yi. Lokacin shukarmu daga Maris ne zuwa ƙarshen Mayu. A rediyo za ku ji ana kiran wannan lokaci bazara, amma kada sunan ya ruɗe ku, babu zafi ko kaɗan. A farkon Maris ƙasa jiƙe take sharkaf, ga sanyi kamar an fito da ita daga firji. Idan ka zuba iri a cikinta ruɓewa zai yi. Yawancin iri ba ya motsi sai ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 7. Wasu suna da ɗan ma'aunin da suke sokawa, amma tsofaffin hannu ciyawa suke dubawa: ranar da suka ga ƙananan ciyayi sun fara tsirowa da kansu, sun san ƙasa ta farka. Ƙasar yankina laka ce mai danƙo. In ka shiga da shebur tana jiƙe, ka yi wa kanka tubali, don haka idan ta manne a takalmi sai ka haƙura ka koma gida.

Shi ya sa nomanmu a cikin ɗaki yake farawa. Da za ku shigo gidan kowane ɗayanmu a Fabrairu, da kun ga abin mamaki. Kowace taga cike take da ƙananan robobi. Attaruhu da tattasai su ake fara shukawa, tun Janairu ko Fabrairu, kusa da na'urar ɗumama ɗaki, domin suna da nawa. Tumatir ya biyo baya. Dankalin Turawa kuma a kiret ɗin ƙwai ake jera shi, idanunsa na kallon sama, a wuri mai haske da sanyi-sanyi, har ya fito da gajerun tsiro masu kauri. Maman yara ta daɗe da sallama tagar kicin. Sharaɗinta ɗaya ne, kada ta ga ƙasa a kan kafet.

Dankalin shi ne farkon abin da ke shiga ƙasa da gaske. Mai saurin nuna ana binne shi daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, zurfin kamar santimita 12, tazarar santimita 30, a tone shi cikin Yuni ko Yuli. Tsofaffin Turawa suna da al'adar shuka nasu ranar Juma'ar da ke gaban Ista. Da ganye ya fito sai a riƙa jawo masa ƙasa, huɗa dai irin wadda kuka sani, don kada haske ya taɓa 'ya'yan su yi kore, kuma don a ɓoye ganyen daga sanyi. Albasa ba iri muke yafawa ba, 'yan ƙananan ƙwayoyi ake sayowa a dasa, a bar bakin a waje. Washegari ka zo ka tarar tsuntsaye sun fizge rabi sun yar a gefe, ba don ci ba, don fitina kawai, ka sake bi kana mayarwa. Tafarnuwa tun kafin hunturu take ƙasa, domin ita sai ta sha sanyi take rabuwa ɗiya-ɗiya. Sai karas, latas, da wani wake mai faɗi da ba ya tsoron sanyi.

Yanzu ga inda na sha kashi. A shekarata ta farko, Afrilu ya zo da mako guda na rana mai daɗi, har mutane suka tuɓe rigunan sanyi. Jinin manomi ya motsa. Na ce wannan ai shi ne ruwan shuka, wanda ya riga shi ya ci. Na kwaso tumatir talatin da kabewa shida da na yi wata biyu ina reno kamar jarirai, na dasa su reras. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne da ya fi shekara talatin a wurin. Ya jingina da sheburinsa, ya dube ni, ya dubi sama, ya ce da shi ne da ya ɗan dakata. Su haka suke magana, ba za su ce maka kada ka yi ba. Ni kuwa na ɗauka hira ce.

Kwana goma lafiya lau. Sai wani dare a farkon Mayu sama ta washe tas, babu gajimare, babu iska, taurari kamar a ƙauye. Har na tsaya a ƙofar gida ina sha'awa. Da asuba na ga gilashin mota ya yi fari. Ko da na isa, ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, raɓa ta daskare a kan komai. Ganyen tumatir yana tsaye kamar ba abin da ya same shi. Rana na ɗagowa ya langwaɓe, kafin azahar ya yi baƙi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ko ɗaya bai tsira ba. Daga baya dattijon ya yi min bayani: gajimare bargo ne, daren da babu shi ɗumin ƙasa yake tserewa sama. Kun ga ashe mu da ku duk washewar sama muke tsoro a lokacin shuka, dalili ne ya bambanta. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya shiga rumfarsa ya fito da tumatir takwas cikin nasa ya ba ni.

Tun daga nan na koyi ladabi. Duk abin da ke son zafi, tumatir, masara, kabewa, wake mai hawa sanda, ba ya kwana a waje sai ƙarshen Mayu. Kafin nan ma sai an yi masa horo: a fitar da shi da rana, a shigar da shi da dare, na mako ɗaya zuwa biyu, har jikinsa ya saba. Masara kuma a dunƙule ake dasa ta, ba dogon layi ɗaya ba, domin 'yar kaɗan ce, kuma iska ce ke kai mata garin fure. In ka jera ta layi ɗaya sai ka ɓare goyo ka tarar da giɓi.

Kun tambayi kayan miyarmu. Alayyahu yana yi sosai, kuma ba mu muka fara kawo shi ba. Mutanen Jamaika da na Bangaladash sun riga mu da shekaru, a wurinsu ma muka karɓi iri. Kabewa tana yi har ta tsallaka yankin maƙwabci a zo ana ba da haƙuri. Kuɓewa sai a rumfar leda ko ɗakin gilashi, kuma ranar da ka tsinki guda goma sai ka ɗauki hoto. Yakuwa tana ba da ganye a rumfa, amma kada ku sa rai da zoɓo. Ita sai yini ya gajarta take fure, nan kuwa a Yuni yini ya haura awa 16, kafin ya gajarta sanyi ya dawo ya kashe ta. Gero da dawa kam wani ɗan'uwanmu ya gwada, ya samu kara mai kyau.

Sauran aikin duk yaƙi ne. Babu fara, babu awakin maƙwabta, amma akwai dodon koɗi, musamman wani marar ƙoƙo a baya, mai santsi, da ke fitowa da dare. Ka dasa latas ashirin da yamma, da safe ka tarar da kututture da sawun yauƙi mai sheƙi. Maganin da aka fi sani da shi a da, mai sinadarin metaldihaid, an hana amfani da shi tun Afrilun 2022 saboda yana cutar da tsuntsaye da dabbobi. Akwai wani da aka yarda da shi, amma da yawa sun fi gane wa tarko: su binne kofi su zuba giya, dodon ya bi ƙamshi ya faɗa. Mu da ba ma ajiye ta, yis muke kwaɓawa da sukari da ruwa, kuma yana kamawa. Abin da ya fi duka dai shi ne tocila da bokiti bayan isha'i. Sai manyan kurciyoyin daji masu ƙiba, da ke mayar da kabeji tsintsiya cikin yini ɗaya in ba ka rufe da raga ba. Ciyawa kuma akwai wata mai kama da ƙiri-ƙiri, da wata mai naɗe shuka. Duk guntun saiwar da ka bari sabuwa ce, don haka ba a sare su da fartanya, tonowa ake yi a tsince da hannu. Ni yanzu kwali nake shimfiɗawa in zuba ruɓaɓɓen taki a kai in dasa a ciki, bayana ya huta.

Toyi irin na sharar gona a nan sai da ƙa'ida, wasu wuraren ma an hana sam. Ciyawa da ɓawon kayan miya duk a akwatin katako ake tara su su ruɓe su koma taki. Kaji mata an yarda a ajiye bisa dokar 1950, amma zakara a'a, kada ya tashi unguwa da asuba. Kuma ana zagayen duba yankuna. Wanda ya bar nasa ya zama kurmi za a aiko masa da takardar gargaɗi, in bai gyara ba a karɓe a ba na kan layi. Na taɓa samun irin wannan takarda shekarar da na zo gida jana'izar Inna na yi wata biyu.

Wannan takardar ce ma ta sa muka farfaɗo da gayya. Mu Hausawan da ke da yanki ba mu da yawa, kuma a warwatse muke, wani a wannan unguwa wani a waccan. Da na faɗa a zauren WhatsApp ɗinmu, ranar Asabar mutum bakwai suka zo, cikinsu da likita da direban bas, kowa da safar hannu. Kafin la'asar an gama. Tun daga nan ya zama al'ada: daga Maris zuwa Mayu kowace Asabar ana yankin mutum ɗaya, mai yanki ya kawo abinci da shayi a fulas. Wanda attaruhunsa ya tsira da yawa ya raba wa wanda nasa ya mutu. Kuma kada ku ɗauka aikin maza ne kaɗai. Yankin da ya fi na kowa kyau a cikinmu na wata Hajiya ce ma'aikaciyar jinya, ita muke tambaya in abu ya rikice. Yara kuwa da aka haifa a nan, a wurin ne wasunsu suka fara jin kalmar yabanya. Autana da ya ga an tono dankali sai da ya tambaya wa ya ɓoye shi a ƙasa.

Batun buhu, Kawu, babu buhu. Kasuwanci da amfanin ma sharuɗɗa sun hana, sai dai ka ci ka yi kyauta. In aka lissafa haya da taki da raga da man mota, wataƙila sayen albasar a kanti ya fi arha. Amma mutum ya yini a ɗaki ƙarƙashin fitila wata biyar na hunturu, ya fita da duhu ya dawo da duhu, to ranar da ya durƙusa ya damƙi ƙasa a Afrilu shi kaɗai ya san abin da yake ji. Bara dai albasarmu ta kai mu har Janairu, dankali kuma sai da muka bi maƙwabta da shi.

Irin kuɓewar da kuka ce za ku ba mai zuwa ya taho da shi, ku dakata tukuna. Shigo da iri da tsiro yana da dokoki da takardu a nan, kada a tsare bawan Allah a filin jirgi saboda miyata. Zan tsaya haka, domin masu hasashen yanayi sun ce daren yau sama za ta washe, ga dankalina ya fito da ganye, dole in je in lulluɓe shi kafin magariba. A gaida Gwaggo da su Malam, a ce ina jiran labarin ruwan farko.