Kafin ka tura kafin alƙalami, ka duba masana'antar da za ta ƙera fankar

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka a nema. Idan na fahimce ka daidai, ka samu masana'anta a birnin Foshan na ƙasar Sin da za ta ƙera maka fanka mai caji da sunanka a jiki, sun turo maka takardar CE, ejan ɗinka na Legas kuma ya ce ka bar masa maganar SONCAP, wato takardun shaidar ingancin kayan da ake shigowa da su Najeriya, shi ya san yadda zai yi. Kana tambaya ko ka tura musu kafin alƙalami su fara aiki. Shawarata ita ce ka dakata tukuna. Na daɗe ina shigo da kayan wuta daga Sin, kuma yawancin asarar da na gani a wannan harka tun daga cikin masana'anta take somawa, sai dai ba a ganinta sai kwantena ta sauka a Apapa.

Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya ta fara shirin SONCAP a 2005 don a riƙa duba kaya a ƙasar da aka ƙera su tun ba a yi lodi ba. Takardu biyu ne. Ta farko, wadda ake ce wa PC, shaida ce a kan irin kayan kansa, kuma da ita banki zai buɗe maka Fom M, wato fom ɗin da ake cikewa don shigo da kaya. Ta biyu, SC, ta kowane lodi ce daban, ita kwastan ke nema kafin su fitar da PAAR, wato rahotonsu na ƙiyasta harajin kaya tun kafin su iso. Masu duba kayan kamfanoni ne da SON ta amince da su, irin su Intertek, SGS, Bureau Veritas, Cotecna da CCIC, duk kuwa suna da ofisoshi a Sin. To ka ga aikin can yake. Mutumin da ke zaune a Legas ba shi da hanyar da zai gwada fankar da ke Foshan. In ya samo maka takarda ba tare da an ga kaya ba, ranar da batir ya kama da wuta a ɗakin wani, sunanka ne a jikin fankar, ba nasa ba.

Ita kuma CE ta kasuwar Turai ce, kuma a yawancin kayan wuta na gida mai ƙera kayan ne da kansa yake sa hannu ya ce ya cika sharuɗɗa. Ba ta tsaya maka a madadin komai a Najeriya ba. Abin da ke da amfani shi ne rahoton gwajin da ke bayanta, in har akwai shi. Ka ce su turo maka cikakkensa, ba shafi ɗaya mai tambari ba. Ya kasance daga ɗakin gwajin da ke da shaidar ƙwarewa ta ISO/IEC 17025, wanda a Sin za ka ga tambarin CNAS, hukumar da ke tantance ɗakunan gwaji, a kansa, kuma a kan ma'aunin IEC 60335-1 da 60335-2-80, wanda shi ne na fanka. Sannan ka zauna ka karanta. Lambar samfurin ita ce taka? Hotunan da ke shafukan ƙarshe na fankar da ka zaɓa ne? Sunan masana'anta da adireshinta su ne na waɗanda kake magana da su? Ba sau ɗaya ba an turo mini rahoto mai kyau, amma na wata masana'anta a wani gari daban.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutanenmu ba su cika tambaya ba: waɗanda kake hira da su a WeChat masu masana'anta ne ko dillalai? Ka nemi hoton lasisin kasuwancinsu. Yana ɗauke da lamba mai harafi da alƙaluma 18, kuma an rubuta irin aikin da aka ba su izini, ko ƙira ce ko saye da sayarwa kawai. Ka ba tafintan da kai kake biya ya karanta maka. Sayen kaya ta hannun dillali ba laifi ba ne, wasu ma sun fi masana'antar iya mu'amala, amma dole ka san ainihin inda ake haɗa fankar, domin can mai dubawa zai je.

Hanyoyin samun PC uku ne. Hanyar A ta mai shigo da kaya jefi-jefi ce, takardarta wata shida take yi, kuma ana gwaji da duba lodin. Hanyar B ta mai shigowa a kai a kai ce, shekara guda, ana duba tsarin kula da inganci na masana'antar, ba kuma kowane lodi ake tsayawa a kai ba. Hanyar C ta masana'antar ce kanta, bayan an bincike ta sosai. Lodin farko ka bi ta A. Amma tunda sunanka kake son kafawa a kasuwa, ka shirya su tun yanzu kamar gobe za a zo binciken B.

A nan ne aikin yake. Mai bincike idan ya shiga masana'anta ba ɗakin baje koli yake zuwa ba, sito yake fara nema. Zai tambayi yadda suke karɓar moto da batir da caja daga masu kawo musu: wa ke dubawa, ina littafin da ake rubutawa, ina ake ware wanda bai yi ba. Zai bi layin haɗi har ƙarshe ya ga ko kowace fanka ana yi mata gwajin yoyon wuta kafin a sa ta a kwali, ko kuwa ana ɗaukar ɗaya ne a bar ɗari. Zai duba na'urorin gwajin su kansu, ya ga takardar da ke nuna yaushe aka daidaita su. A wata ƙaramar masana'anta da na yi hulɗa da ita, na'urar tana nan sabuwa fil, amma an jingine ta a bango ko a soket ba a sa ta ba, takardar daidaitawarta kuma ta daɗe da ƙarewa. Ba mugunta ba ce, babu wani mai saye da ya taɓa tambayarsu. Da aka nuna musu cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an gyara, cikin ɗan lokaci suka kira masu daidaitawa, suka sa yaro a kan na'urar, suka buɗe littafi. Takardar ISO 9001, ta shaidar tsarin kula da inganci, a bango tana taimakawa, amma ka ce su nuna maka rubutun makon jiya ta bidiyo kai tsaye. Wanda yake yi da gaske ba ya ɓata lokaci wajen ɗauko shi.

Abin da ya fi damuna shi ne canjin kayan ciki bayan gwaji. Ana kai wa ɗakin gwaji fanka mai moton jan ƙarfe zalla da batir mai cikakken ƙarfi, ta ci gwaji, a ba da takarda. Idan aka zo haɗa dubu biyu, sai a sa moton alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, batirin kuma rabin abin da aka rubuta. Daga waje ba za ka gane ba. Sai matar da ta tara kuɗin adashe ta saya ta ga bayan wata biyu fankar ba ta kai tsakar dare. Wannan zalunci ne, kuma mu da muka shigo da kayan ba za mu ce babu hannunmu ba. Maganinsa shi ne jerin muhimman kayan ciki: moto, batir, caja, allon lantarki, waya, fulogi, kowanne da sunan mai ƙera shi da lambarsa. Jerin ya shiga cikin yarjejeniya, a rubuta cewa ba a canza ko ɗaya sai da izininka a rubuce. A kuma rufe samfuri biyu da sa hannunku, ɗaya a wajensu ɗaya a wajenka. Ranar duba lodi a zaro daga kwalaye daban-daban, a kwance, a auna nauyin batir, a kankare wayar moto a gani.

Ka kuma gaya musu inda fankar za ta yi aiki, don ba su sani ba. Wutarmu 230V ce a takarda, amma kowa ya san yadda take sauka ta kuma hau, ga janareta, ga zafin Kano a watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Ka nemi caja mai jure hawa da saukar wuta, da batir mai kariya daga wuce caji. Fulogi ya zama mai ƙafa uku irin na Ingila, mai fis a ciki, ba mai siraran ƙafafu na Sin ba. Rubutun jikin fanka da littafin bayani su kasance da Turanci, da suna, da lambar samfuri, da ƙarfin wuta, da ƙasar da aka ƙera. In batirin litiyam ne, kamfanin jirgin ruwa zai nemi rahoton UN 38.3, na gwajin da ke nuna batirin zai jure sufuri, domin cikin kaya masu haɗari ake lissafa shi. Ka nemi wannan tun farko, kada kaya su gama haɗuwa a rasa jirgin da zai ɗauka.

Maganar biya, abin da aka saba shi ne kashi 30 a farko, 70 daga baya. Ka ɗaure cikon da cin gwaji da duba lodi, ba da ranar gama haɗi ba. Da zarar ka biya duka, bakinka ya mutu.

Takardu kuma su zama baki ɗaya. Lambar samfuri da bayanin kaya da ke kan rasitin farko su ne za su kasance a PC, da Fom M, da SC, da takardar jirgi, da jikin kwali, harafi da harafi. Lambar kwastan ta irin wannan fanka tana farawa da 8414.51. Harafi ɗaya ya bambanta, kwantena ta zauna a tasha kuɗin ajiya na hawa kullum. Sunan da za ka buga a jiki ma ka yi masa rajista a ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke Abuja kafin kaya su iso.

Sai lokaci. Kasuwar fanka daga Maris zuwa Mayu take ci. Gwaji yana ɗaukar makonni, in an samu gyara a sake, tafiyar ruwa zuwa Legas ta fi wata guda, ga fitar da kaya da hanyar Kano. A tsakiyar wannan kuma ga hutun sabuwar shekarar Sinawa, a Janairu ko Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni, kuma kafin hutun kowa sauri yake yi, aiki ya fi lalacewa. Mai son ya riski zafi ya kamata samfurinsa ya shiga ɗakin gwaji tun wajen Satumba ko Oktoba, lodi ya tashi kafin hutun.

Yanzu abu uku za ka nema a wajensu a wannan makon: lasisin kasuwanci, cikakken rahoton gwaji, da jerin kayan ciki. Ka kuma rubuta wa ofishin ɗaya daga cikin kamfanonin dubawar da kanka, ba ta hannun ejan ba, su ba ka farashi da abin da suke buƙata. Idan sun turo rahoton, ka rufe sunayen ka saka shafin farko da shafin kayan ciki a nan, ni da sauran masu harkar kayan wuta za mu duba maka in sha Allahu.