Haƙorin can ƙurya da ya kumbura miki dasashi

'Yar uwa sannu, kin ce haƙorin ƙarshe na ƙasa ya fito a karkace har baki ba ya buɗuwa sosai, wai ko wanzami zai iya cire miki. Dan Allah kar ki je. Haƙorin nan yakan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, wani sai ya rasa waje ya kwanta cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma akwai jijiya da ta bi ta ƙarƙashinsa, in aka taɓa ta leɓenki na ƙasa zai iya mutuwa ya daina ji. Ki je sashen haƙori na asibitin Malam Aminu Kano, sai sun yi hoto tukun kafin aiki. Kafin nan ki dinga kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Amma in kumburin ya sauko wuya ko haɗiya ta gagara, ki tafi yau ɗin nan.