Shigar da injin milin cikin gareji

Malam, ka ce ka samu injin milin na hannu, mai sassaƙa ƙarfe, irin Bridgeport, kana tambayar yadda za ka shigar da shi garejin gidanka.

Kafin ka biya, murɗa hannun teburin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ya yi sako-sako a tsakiya, ya cije a gefe, hanyar da teburin ke zamewa a kai ta cinye, kuma gyaranta ba wasa ba ne. Duba motar lantarkin injin ma, yawancinsu wuta mai layi uku suke sha, sai ka haɗa da VFD, na'urar da ke mai da wuta mai layi ɗaya ta koma layi uku, in layi ɗaya gare ka.

Nauyinsa ya kusa tan 1, kuma a sama nauyin yake, shi ya sa yake kifewa. Sauke teburin can ƙasa, matsa shi jikin ginshiƙin, kulle komai, ka juya kan injin ya dubi ƙasa, ka tokare shi da katako. Ɗaga gindin da ƙarfen banƙara, kaɗan-kaɗan, ka zura bututun ƙarfe guda 3 ko 4. Kana turawa, wanda ya fito baya ka mai da shi gaba. Share daɓen tas; na ga ɗan tsakuwa ya tsayar da bututu cak, injin ya yi tangaɗi, gabana ya faɗi. In ya fara karkata, ku gudu, kada wanda ya ce zai tare.

Ƙaramin kuren na ciro injin mota kuwa, in da shi kake son ɗaga injin, tan 2 da aka rubuta masa sai hannun yana gajere. Ka miƙe shi duka, rabin tan ne.