Tambaya da Amsa: Keke, Aiki, Lafiyar Jiki da Gyaran Gida

Assalamu alaikum. Tsakanin gidana da wurin aikina kilomita 8 ne. Ina fita ƙarfe 7 na safe, ba na dawowa sai bayan la'asar, wuni nake yi a zaune, tumbi ya fara fitowa, kuɗin mota kuma ya yi yawa. Ina da keke a ajiye. In na riƙa zuwa aiki da shi, zai wadatar a matsayin motsa jiki? Yaya kuma zan yi da gumi?
*Wani ma'aikaci, Kano*

Wa'alaikumus salam, Malam. Fito da keken nan ka kakkaɓe shi, domin lokacin motsa jikin da ka rasa yana cikin tafiyar da dama sai ka yi ta. Mai keke a cikin gari, duk da tsayawa a danja da kauce wa ramuka, yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa guda. Tafiyarka ke nan minti 32 zuwa 40, zuwa da dawowa sama da awa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Kwana 3 a kan keke sun ba ka minti 190 ko fiye. Matsakaici shi ne numfashinka ya ɗan hau, amma kana iya hira da na kusa da kai. In magana ta fara yankewa a bakinka, ka matsa wa kanka, sassauta.

Kada ka fara ranar Litinin. Gwada hanyar da safiyar Lahadi, lokacin da titi babu cunkoso, ka san minti nawa take ci da inda za ka ratse ta cikin unguwa ka bar babban titi. Mako biyun farko ka hau kwana 2 kacal, ba a jere ba, sannan ka ƙara na uku. Ciwon mazaunai na kwanakin farko yana wucewa da kansa.

Yawancin gumin daga abu biyu yake zuwa: sauri da jakar goyo. Ɗaure kayanka a kariya, bayanka ya sha iska. Da safe ka tafi a hankali, ka bar ƙarfin sai dawowa, tunda wanka na jiranka a gida. Naɗe rigar aiki ka sa a leda, ka isa minti 15 kafin lokaci, ka zauna a inuwa jiki ya huce kafin ka goge da tawul ka canza. Wanda ya sa rigar nan take, ita ma jiƙewa za ta yi. Ƙafar wandon dama, ɓangaren kaca, ka ɗaure ta da roba, kuma kada ka hau da rigar da gefenta ke lilo kusa da wili.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana kai maki 40, don haka ka guji tsakar rana. Sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe aƙalla rabin lita, wato leda ɗaya ta fiya wata, a kowace tafiya. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya alama ce ta sauka a nemi inuwa. A titi ka bi hannunka, kada ka fuskanci motoci. Bar tazara tsakaninka da a-daidaita-sahu, don da ya hango fasinja birki zai taka. Motar da ke fake ka ba ta kamar mita ɗaya saboda buɗe ƙofa, kuma kada ka kuskura ka shiga tsakanin babbar mota da gefen titi a kusa da kwana, direban ba ya ganinka. Hular kwano da fitila, fara a gaba ja a baya, ba kayan ado ba ne.

Gaskiya ɗaya game da tumbi: keke kaɗai ba zai sauke shi ba in kana rufe kowace tafiya da lemon kwalba. Ƙaramar kwalba guda tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 8 zuwa 9. In kana da hawan jini, ciwon suga ko ka taɓa jin ciwon ƙirji yayin aiki, ga likita kafin ka fara.

Wata guda ke nan ina hawan keke, amma gaban gwiwata yana ciwo. Ko keke bai karɓe ni ba ne?
*Wani malamin makaranta, Zariya*

Malam, da wuya laifin keken ne, sirdinka muke zargi. Mutane da yawa suna sauke shi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, sai gwiwa ta wuni a lanƙwashe tana ɗaukar nauyin da cinya ya kamata ta ɗauka. Jingina da bango, hau sirdi, ɗora diddigenka a kan feda, ka juya ta zuwa can ƙasa. Ya kamata ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Da ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Nan ne daidai. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ya yi sama. Riƙa gyarawa da rabin santimita, ka hau kwana biyu ka ji. A jikin ƙarfen sirdin akwai layin iyaka, kada ka zaro shi ya wuce nan, yana iya karyewa ko ya fasa jikin keken.

In kekenka mai giya ne, daina danna mai nauyi. Zaɓi mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa kamar sau 70 zuwa 90 a minti. In gwiwar ta kumbura, ko ciwon ya wuce mako 2 bayan gyaran nan, a je asibiti.

Tayata ta baya tana yin faci kusan kowane mako, kaca kuma tana ƙara tun shigowar hunturu, ga ni kullum ina zuba mata baƙin mai. Ba ni da lokacin zama wurin mai gyara.
*Wani ɗan kasuwa, Maraɗi*

Alhaji, facin da ke maimaita kansa yana da dalili, kuma hujin da kansa zai gaya maka. In an zaro tiyub, a ɗora shi a kan tayar, bawul a daidai ramin bawul, a ga inda hujin ya faɗa. Huji ɗaya ta ɓangaren da ke taka ƙasa: ƙayar tsidau, guntun waya ko gilashi yana nan maƙale a cikin tayar, kuma zai huda sabon tiyub ma. Bi cikin tayar da tsumma a hankali, inda ya sarƙe nan abin yake. Tsaga biyu a jere kusa da juna: iska ce ta yi kaɗan, ka faɗa rami, ƙarfen wili ya matse tiyub. Huji ta ciki, ɓangaren wili: robar da ke rufe kawunan wayoyin wili ta goce ko ta tsufa, a canza ta. Yagewa a gindin bawul ba ta facuwa, sai sabon tiyub, ita ma ƙarancin iska ke jawo ta. Tayar baya ta fi shan wahala don ita ke ɗauke da nauyinka da na kaya. Duba gefenta, akwai lamba kusa da haruffan PSI, ita ce ma'aunin iskar da take buƙata. Sayi famfo ka ajiye a gida, ka ƙara iska kowane mako ko da babu huji, domin tiyub yana sace iska a hankali.

Facin da ke ɗagowa kuwa gaggawa ce ke jawo shi. A kankare wurin da samfefa ya fi facin faɗi, a shafa sholisho siriri, a jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne da ƙarfi. Wanda aka manna sholisho na ɗanye ba ya kwana biyu. Wajen cire taya kada a sa sukundireba, bakinsa na tsinke tiyub, gindin cokali mai kauri ya fi shi.

Kaca kuma, man da kake zubawa ne ke cinye ta. Baƙin man da aka juye daga inji yana da garin ƙarfe a ciki, ga danƙo, ƙurar hunturu tana manne masa, su haɗu su zama kamar dutsen niƙa a tsakanin gaɓoɓin kacar. Jiƙa tsumma da kananzir ka goge ta, ka bi haƙoran da tsohon buroshi, ka bari ta bushe. Sai ka ɗiga mai marar kauri, ko na keken ɗinki ne, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa kana juya feda baya. Bayan minti 10 ka goge wajen tas da busasshen tsumma. A ciki ake buƙatar man, na waje ƙura kawai yake kira. A hunturu ka yi haka kowane mako, a damina kuma duk ranar da ruwa ya dake ka.

Don sanin ko kacar ta ƙare, auna daga tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga 24 gaba. Sabuwa inci 12 ce cif. In ta ƙaru da kusan milimita 1.5, canza ta. In ta kai 3, ta riga ta ci haƙoran baya, su ma sai an canza, in ba haka ba sabuwar kacar za ta riƙa tsalle. Kada ka bari a wanke maka keke da injin feshin wankin mota, yana kore giris daga boris. Duka aikin nan, iska da kaca da matsa birki a ga ko robarsa ta cinye, minti 15 ne da yammacin Lahadi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina da yara 4. Daga aiki sai girki, wanki da shara. Aikin gidan nan yana shiga lissafin motsa jiki? Kuma bayana yana ciwo.
*Wata uwa, Katsina*

Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Wani yana shiga, wani ba ya shiga. Daka, jan ruwa a rijiya, wankin hannu mai yawa da goge tsakar gida suna ɗaga numfashi, ki lissafa su. Tsayuwa gaban murhu da wanke-wanke gajiya suke kawowa, amma zuciya ba ta samun horo. Abin da ya rage miki daga minti 150 na mako ki cike shi da tafiya mai sauri, ko keken motsa jiki na cikin ɗaki in da hali. Ba dole sai a zama ɗaya ba: minti 10 bayan asuba, minti 10 da yamma, duk suna haɗuwa.

Ciwon bayan kuma mu duba tsintsiya da jarka. Gajeriyar tsintsiya tana sa ki sunkuye na tsawon lokaci, a ɗaura mata doguwar sanda. A ɗora bahon wanki a kan benci. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ki raba ruwan bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, kuma in za ki ɗaga ki durƙusa da gwiwa, kayan na jikinki, bayanki a miƙe. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da muka ambata a sama ta kuma nemi aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Tashi-zauna daga kujera ba tare da dafawa ba sau 10, tura bango da hannu biyu sau 10, sai kwanciya rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ki ɗaga ƙugu sau 10. Ki zagaya su sau 2 ko 3. Kin fi mu sanin cewa ciwon da ke sauka ƙafa tare da dindiris ko rauni na likita ne. Yaran da suka tasa, mazansu da matansu, a ba kowa nasa aikin.

Zan iya zuwa aiki da keke ina azumi?
*Wani ɗalibi mai aikin wucin gadi, Zinder*

Za ka iya, ɗan'uwa, in lafiyarka ƙalau kuma tafiyar ba ta wuce rabin awa ba. Tafi a hankali, ka jinkirta dawowa zuwa dab da magariba. Ruwa ka rarraba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur. In azumin ya faɗo a tsananin zafi, rage kwanakin.

Duk Asabar ɗina tana ƙarewa a gyaran gida, amma da ruwan farko ya sauka ɗaki ya yi yoyo. Ta ina zan kama?
*Wani magidanci, Gusau*

Maigida, kama daga ruwa, shi ke rusa gida. Liƙa takarda a bayan ƙofa, duk abin da ya lalace a rubuta, ka ware awa ɗaya a mako ka ɗauki wanda ya shafi ruwa ko wuta tukuna. Fenti da ƙofar da ke ƙara za su jira.

Rufi a watan Afrilu ake duba shi, kafin damina. Kwano yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, shi ya sa ƙusoshi ke ɗagowa, ruwa ya bi raminsu. Hau da sassafe kafin ya yi zafi, wani ya riƙe maka tsani, ka taka kan layin ƙusa kawai, domin nan katako yake a ƙasa. Ƙusar da ta saki a cire ta a sa mai ɗan kauri da robarta, ƙananan huji a toshe da abin liƙe rufi mai kwalta, fallen da tsatsa ta ci kuwa a canza shi. Tabon da ke jikin silin ba lallai a samansa hujin yake ba, ruwa yana bin katako ya gangaro, don haka nemi hujin ta sama da tabon. In soro ne, a cire ciyawar da ta tsiro, a sabunta yaɓe, a tabbatar indararo a buɗe yake kuma yana zubar da ruwa nesa da gindin bango. Ruwan da ke kwanciya a gindin bango shi ke sa fenti ɓarewa da kiran gara. Itacen girki da tsofaffin katakai a janye su daga jikin gini, in ka ga siririyar hanyar ƙasa tana hawa bango, ka bi ta har tushenta.

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da wajen lita 20 a yini, kuma yawanci 'yar robar cikin kansa ce ta cinye. Rufe ruwa daga tanki, kwance kan da sifana, ka kai tsohuwar robar kasuwa don a ba ka daidai ita. Kwata da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye a duba su kowane mako, saboda a lokacin zafi sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10. Soket ɗin da ya yi baƙi ko yake ɗumi ba aikinka ba ne: kashe wutar layin, ka kira mai gyaran wuta a ranar.