Kun Tambaya: Ta Ina Matasa 'Yan Asalin Asiya Ke Shiga Harkokin Jama'a a Kanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin 'yan asalin Indiya da Sin suna riƙe da manyan muƙamai a Kanada. Yawansu ne ya jawo haka, ko dama can an sakar musu mara? *Wani mai karatu daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yawa ya taimaka. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin Kudancin Asiya (Indiya da maƙwabtanta) sun kai wajen miliyan 2.6, Sinawa miliyan 1.7, 'yan Filifin kuma sun doshi miliyan ɗaya. Amma ba a sama suka tsinci damar ba. A 1885 aka fara karɓar harajin kai a hannun kusan duk Basinen da zai shiga ƙasar, daga dala 50 har ya kai dala 500 a 1903, sannan a 1923 aka rufe musu ƙofa kusan gaba ɗaya. Sai a 1947 Sinawa da Indiyawa suka samu 'yancin kaɗa ƙuri'a, 'yan asalin Japan kuma daga baya.

Matasa sun taka rawa wajen sauya al'amarin. A 1979 gidan talabijin na CTV ya watsa wani shiri da ya nuna ɗalibai Sinawa, waɗanda yawancinsu 'yan ƙasa ne, a matsayin baƙi masu cinye guraben jami'a. Ɗalibai suka yi zanga-zanga a birane da dama har gidan ya nemi afuwa, kuma daga wannan gwagwarmaya aka kafa majalisar Sinawan Kanada ta ƙasa a 1980. Ita ce ta yi shekaru tana bin kadin harajin kai, har Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a 2006. Zaɓen Ken Sim a matsayin magajin garin Bankuba a 2022, da na Olivia Chow a Toronto a 2023, a kan wannan tubali suka hau.

Tambaya: 'Yata mai shekara 16 tana sakandare a lardin Ontariyo. Ƙawayenta 'yan Punjab da Filifin kullum suna wajen aikin sa kai ko kamfen. Ta ina suke farawa, kuma me wanda bai zama ɗan ƙasa ba zai iya yi? *Wata uwa daga Brampton*

Amsa: Hajiya, yawancinsu daga makaranta suke farawa, domin a Ontariyo ba a ba ɗalibi takardar kammala sakandare sai ya cika awa 40 na hidimar al'umma. Yaran mabiya addinin Sikh, 'yan asalin Punjab, sukan cika nasu a kicin ɗin wurin ibadarsu, inda ake dafa abinci kyauta ga duk wanda ya zo. Wasu kuma suna raka tsofaffi asibiti ko ofis su yi musu tafinta da Punjabi, Tagalog ko Kantonis. Wannan tafinta ita ce babban jarinsu: yaron da ya cika wa kaka fom a bana, shi za ta tambaya wa za ta zaɓa baɗi. A kiyaye abu ɗaya, kada ta fara aiki sai makaranta ta amince da wurin, kuma mai kula da ita ya sa hannu a fom. Aikin da aka biya kuɗi a kansa ba ya shiga lissafi.

Ƙuri'a kam sai ɗan ƙasa mai shekara 18. Ɗan ƙasa mai shekara 14 zuwa 17 zai iya sa sunansa a rajistar masu zaɓe na gaba a hukumar zaɓe ta ƙasa, Elections Canada, daga shekara 16 kuma zai iya aikin rumfar zaɓe a biya shi. Mai takardar zama na dindindin ba ya zaɓe, amma manyan jam'iyyu na karɓarsa tun yana shekara 14, kuma 'yan jam'iyya su ne ke tsayar da ɗan takarar mazaɓa. A ganinmu nan ne ƙarfin yake, domin a mazaɓar da jam'iyya ɗaya ta saba lashewa, 'yan ɗaruruwan da suka je zaɓen fid da gwani su ne suka zaɓi ɗan majalisa. Sai dai a yi hattara: kowa da kuɗinsa zai biya kuɗin rajista, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi kuma da zaman dindindin, doka ta hana shi ba jam'iyya gudummawar kuɗi, ko da dala ɗaya ce.

Ranar zaɓe, wani abin da kan mayar da matasa gida shi ne rashin shaidar adireshi, musamman masu zaman haya ko ɗakin kwanan jami'a. Hanyoyi uku ne: katin gwamnati mai hoto da suna da adireshi, kamar lasisin tuƙi, ko takardu biyu masu suna, ɗaya da adireshi, ko wani mai zaɓe a rumfa ɗaya da kai ya tsaya maka, shi kuma mutum ɗaya kawai zai iya tsaya wa. Fasfo shi kaɗai ba ya isa.

Tambaya: Idan matasa suka so kafa ƙungiya irin tasu, me ake buƙata, kuma me ke rusa irin waɗannan ƙungiyoyi? *Wani ɗalibi daga Kalgari*

Amsa: Ɗan'uwa, shawararmu kada ku yi gaggawar rajista. Ku fara da aiki ɗaya mai iyaka, kamar darasin yamma ko kai wa tsofaffi cefane, a ƙarƙashin inuwar ƙungiyar da ta riga ta kafu, irin S.U.C.C.E.S.S. ta Bankuba da ke hidimar baƙi tun 1973. Ita ke da inshora da asusun banki, ita kuma ta san yadda ake neman takardar tantancewar 'yan sanda ga masu aiki da yara da tsofaffi.

In aiki ya zauna, rajistar ƙungiyar da ba ta neman riba a matakin tarayya dala 200 ce ta intanet. Idan tallafin jama'a ko na gwamnati ya wuce dala 10,000 a shekara, dole a samu daraktoci aƙalla uku. Wannan rajista ba ta ba ku ikon ba masu gudummawa rasit na rangwamen haraji. Wancan sai an yi wata rajistar daban da hukumar haraji a matsayin ƙungiyar agaji, wadda za ta miƙa rahoto cikin wata shida bayan ƙarewar shekarar kuɗinta, kuma an haramta mata goyon bayan jam'iyya ko ɗan takara. Masu son kamfen su yi da sunansu, ba da shafin ƙungiya ba.

Abu na farko da ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne kammala karatu. Shugaba ya gama jami'a ya koma wani gari, lambar sirrin imel da sa hannun banki duk suna wurinsa. Maganinsa masu sa hannu biyu, rubutaccen bayanin kowane taro, da mataimaki daga ajin ƙasa da ake horarwa tun farkon shekara. Na biyu, tunanin cewa 'yan Asiya duk ɗaya ne. Ɗan Hong Kong da ɗan babban yankin Sin, ko ɗan ƙabilar Tamil da ɗan ƙabilar Sinhala na Sri Lanka, kowa da tabon da ya zo da shi daga gida. Ƙungiyoyin da suka ɗore sun tsaya a kan matsalar unguwa, kamar tsadar haya, motar bas ko wariyar launin fata. A Bankuba 'yan sanda sun ce rahoton laifukan ƙiyayya ga 'yan Asiya ya tashi daga 12 a 2019 zuwa 98 a 2020, kuma a lokacin matasa ne suka fassara wa tsofaffi yadda ake kai ƙara. Irin wannan koke ake kaiwa gaban kwamitin majalisar birni. A Toronto mai magana ba ya wuce minti biyar, don haka ku yi rajista tun kafin ranar zama, ku tafi da buƙata ɗaya a rubuce.