Muryar Anti ga Maman 'Yan Biyu: ki fara da kawunti

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Maman 'Yan Biyu, ƙanwata, tun da hantsi na ji muryarki, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Sannu da zuwa, ya baƙunta, ya sanyi? Allah ya sa kun shigo a sa'a. Na ji duk abin da kika faɗa: masu gidan haya sun liƙa muku takarda a ƙofa wai za su ƙara kashi 10 cikin ɗari daga wata mai zuwa, yara na zaune a gida ba su fara makaranta ba, ke kuma maganin hawan jinin da kika taho da shi daga Kano ya kusa ƙarewa, ga shi ba ki da inshorar lafiya. Sannan kika ce ko akwai wanda ya san wani babba a gwamnati ya yi muku hanya.

To wannan ta ƙarshen ita ta fi tsaya mini a rai, don ni ma da wannan tunanin na zo. Ƙanwata, ba kya buƙatar kowa ya yi miki hanya. Abu ukun nan da kika lissafa duk aikin kawunti ne, kuma ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda yake zaune a cikinta.

Bari in ɗan yi miki bayani, don in kin ji an ce kawunti kada ki auna ta da sakatariyar ƙaramar hukuma ta gida. A tsari dai sun yi kama, ita ma a ƙarƙashin jiha take. Jiharmu ta Maryland a nan Amurka tana da kawunti 23 da birnin Baltimore, kamar yadda Kano take da ƙananan hukumomi 44. Amma mu a gida kin san kuɗin daga Abuja yake sauka, sai da ta kai Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. A nan kuwa, kawuntinmu ta Montgomery da kanta take tara yawancin kuɗinta, daga harajin gidaje da kuma harajin albashi, kashi 3.2 cikin ɗari. Baban yara ya duba takardar harajinsa, zai gani. Mutanen cikinta sun haura miliyan ɗaya, kasafinta na shekara ya wuce dala biliyan 7, kusan rabi a makarantu yake tafiya. Saboda haka in kin je neman abu, kada ki sunkuyar da kai kamar mai roƙo. Guminku ne a ciki.

Abu na farko, ki ajiye lambar nan a wayarki yanzu: 311. In ta ƙi shiga ki buga 240-777-0311. Daga Litinin zuwa Juma'a suke ɗauka, bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Shara ce ba a kwashe ba, rami ne a titi, na'urar ɗumama gida ce ta lalace masu gida sun yi kunnen uwar shegu, ko kawai ba ki san ofishin da za ki nufa ba, nan za ki kira. In sun buɗe miki ƙorafi za su karanto miki wata lamba, don Allah ki rubuta ta. Shekarun baya iska ta karyo wani reshe ya tare mana hanyar ƙafa, daidai inda yara suke tsayawa jiran motar makaranta. Kwana biyu muna kewaye shi ta cikin titi, kowa na jiran wani ya yi magana. Na kira, matar ta tambayi sunan layi da lambar gidan da ke kusa, ta ba ni lamba na rubuta a bayan ambulan ɗin kuɗin wuta. Kafin mako ya zagayo sai ga mota da zarto, suka yanka suka kwashe har ɓaraguzan. Ba wanda ya tambaye ni 'yar gidan waye. Amma fa wuta, ko haɗari, ko wani ya faɗi, wannan 911 ne, kada ki haɗa su.

Yanzu maganar haya, a nan zan ɗan daɗe don ita ce mai zafi. Kada ku sa hannu a komai tukuna, kuma kada ku daina biyan tsohon kuɗin, ku biya a kan lokaci ku ajiye rasit. A dokar kawuntin nan, mai gida ba ya ƙara haya sai sau ɗaya a wata 12, kuma dole ya ba ku sanarwa a rubuce kwana 90 kafin ranar. Kin ga tun a nan takardar "wata mai zuwa" ta samu matsala. Sannan majalisar kawunti ta yi doka a 2023, ta fara aiki a watan Yulin 2024, wadda ta ɗaure ƙarin: ana ɗaukar hauhawar farashi a ɗora kashi 3, amma ko yaya ta kama ba ya wuce kashi 6 cikin ɗari a shekara.

Sai dai ki saurara da kyau, don a nan mutanenmu suke ruɗewa. Ba kowane gida dokar kashi 6 ɗin ta hau ba. Ginin da bai kai shekara 23 ba, ba ya ciki. Mutumin da gidajen hayarsa ba su wuce biyu ba a kawuntin, shi ma ba ya ciki. Sannan birane masu magajin garinsu, irin Rockville da Gaithersburg da Takoma Park, dokar ba ta shiga cikinsu, ita Takoma Park ma tana da tata tun da daɗewa. Wani abin kuma, ana iya rubuta Rockville a adireshinki alhali gidan yana wajen iyakar birnin. Ke kin ce a Silver Spring kuke, wajen White Oak. To Silver Spring duk girmanta ba ta da magajin gari, kawunti ce take riƙe da ita kai tsaye, haka Wheaton. Abin da ya rage shi ne a san shekarun ginin da kuma wanda ya mallake shi. Ki kira 311 ki ce kina son ofishin da ke shiga tsakanin masu gida da 'yan haya, ki ba su adireshi, su za su duba. Kyauta ne. Ki ɗauki hoton takardar tun tana jikin ƙofa, kwanan watan ya fito sosai.

Makaranta kuwa, wallahi zaman yaran nan a gida shi ya fi damuna. Kowane yaro yana da haƙƙin shiga makarantar gwamnati ko wace irin takarda iyayensa suke da ita, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wannan tun 1982. Adireshinku ne zai nuna makarantar da za su je, ba zaɓa ake yi ba. Tunda daga waje suka zo, akwai ofishin karɓar ɗaliban ƙasashen waje a Rockville, ta nan ake farawa, su gwada Turancinsu su ga ajin da ya dace da su. Ki haɗa fasfo ko takardar haihuwa, takardar haya mai nuna inda kuke zaune, sakamakon makarantarsu ta gida, da katin rigakafi. Katin nan na asibitin gida, ko ya tsufa ya yi datti, kada ki raina shi, yana rage musu allurai. Ki cike fom ɗin abincin makaranta ma. Tun 2016 hukumar makarantu ta fara daidaita kalandarta yadda yara za su samu hutun ranar Sallah, bayan iyaye Musulmi sun yi shekaru suna zuwa zaman hukumar suna magana. Har gobe in na tuna abin sai in ji daɗi, don na ga lokacin da yaranmu suke zaɓa tsakanin Idi da jarrabawa.

Maganin hawan jini kada ki bari ya ƙare kafin ki motsa. Akwai shirin da ake kira Montgomery Cares, na manya mazauna kawunti marasa inshora waɗanda samunsu bai da yawa. Ƙananan asibitoci ne da dama a ƙarƙashinsa, har da na masallacin Muslim Community Center da ke kan titin New Hampshire, ba nisa da ku. Yara kuma nasu Care for Kids. Ki tafi da kwalin maganin likita ya ga sunansa da ƙarfinsa. Abin da ya shafi biza da katin zama kuwa ba na kawunti ba ne, na gwamnatin tarayya ne, lauya ake tambaya. Cibiyar Gilchrist da ke Wheaton don baƙi aka yi ta, suna koyar da Turanci da kwamfuta, kuma suna nuna wa mutum inda zai samu lauya na gaskiya.

Af, kafin in manta. Lasin tuƙi na jiha ne. In kin je can aka tambaye ki ko za ki yi rajistar zaɓe, ki ce a'a, tunda ba ki zama 'yar ƙasa ba. Kuskuren nan kaɗai yana iya ɓata wa mutum takardunsa gaba ɗaya. Ku da kuke saurare, ku gaya wa duk wanda ya zo sabo.

Sai labarai. Jama'a, don girman Allah mu rage tura abin da ba mu tantance ba. Wata shekara da dusar ƙanƙara ta sauka aka turo saƙo wai an rufe makarantu, na bar yarana suna barci. Ashe sanarwar ta maƙwabtanmu ce, Prince George's, mu namu jinkirin awa biyu kawai aka yi. Sai ƙarar motar makaranta na ji ta wuce. Kowace kawunti da hukuncinta, ko da titi ɗaya ne ya raba ku. Ki yi rajista da Alert Montgomery, kyauta ne, saƙo zai riƙa shigo miki kai tsaye a kan makarantu da guguwa da hanyoyin da aka rufe. In dusar ta sauka, masu gida suna da awa 24 bayan ta tsaya su share hanyar ƙafa ta gabansu. Ku da kuke bene, aikin masu ginin ne.

Motocin bas na Ride On na kawunti ne, kuma tun ƙarshen watan Yunin 2025 kyauta ake hawa. Metrobus da jirgin ƙasa su ana biya, ki duba sunan da ke jikin motar. Katin laburare ma kyauta, ki kai yaran kafin su fara makaranta, akwai ɗumi akwai littattafai.

Ku kuma tsofaffin zama, magana ɗaya gare mu. Duk shekara a tsakiyar Maris shugaban kawunti yake miƙa kasafi, majalisa mai kujeru 11 ta zauna a Rockville ta saurari jama'a a watan Afrilu, ta amince a Mayu. Kowa yana iya sa sunansa a ba shi 'yan mintoci ya yi magana. Na je sau biyu, na ga Habashawa, na ga 'yan Salvador da tafintansu, mu ban ga ko mutum uku ba. Bana ina so mu je mu yi maganar haya da ta asibitocin nan, ko mu biyar ne.

Maman 'Yan Biyu, ki turo mini hoton takardar ta gefe, kada ki sa a nan don adireshinku yana jiki. Ranar Alhamis ba ni da aiki da safe, ƙarfe tara zan zo in ɗauke ku mu fara da maganar makaranta, daga nan mu biya asibitin. Ki sa wa yaran safa biyu-biyu. A gaida Baban yara. Sai anjima.