Ina Yi wa Mutane Jinya da Nutsar da Hankali, Ta Yaya Zan Ƙulla Hulɗa da Likitocin Ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wadan Zariya. Na yi digirina a fannin ba da shawara ga ɗalibai, daga baya kuma na yi kwas ta intanet a kan jinyar nutsar da hankali, wadda Turawa ke kira hifnosis. Shekara biyu ke nan ina ganin mata a gidana bayan la'asar, galibinsu masu fama da rashin barci da fargaba, sai 'yan mata masu tsoron jarrabawa, kuma da yawansu sun ce sun ji sauƙi. Damuwata ita ce, akan kawo mini wasu da nake jin sun fi ƙarfina, ban kuma san hannun wanda zan danƙa su ba. Na taɓa zuwa wani asibiti da takardar shaidata domin in gabatar da kaina, likitan da na tarar ya saurare ni a tsaye, ya ce shi bai san wannan sana'a ba, na fito jikina a sanyaye. A unguwa kuma wasu na cewa tsibbu nake yi. Ta yaya zan ƙulla hulɗa da likitocin ƙwaƙwalwa, har su riƙa turo mini marasa lafiya, ni ma in riƙa tura musu? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. A duk wasiƙarki babu inda ya kwantar mini da hankali kamar inda kika ce akwai waɗanda suka fi ƙarfinki, domin a kan wannan magana za ki gina duk hulɗar da kike nema.

Bari in fara da likitan da ya saurare ki a tsaye. Ban ji daɗin yadda ya sallame ki ba, amma ina so ki fahimci abin da ke zuciyar irinsa. Likitan ƙwaƙwalwa ya saba karɓar marar lafiyar da aka yi shekara uku ko huɗu ana yawo da shi daga wannan mai magani zuwa wancan, an sayar da gona, cutar ta yi jijiya, wani lokaci ma da tabon mari a ƙafarsa. Mutanen jihar Kaduna ba su manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka tarar da mutum sama da 300, wasunsu a ɗaure da sarƙa, da sunan gyaran tarbiyya. Wanda ya ga irin wannan dole ya yi ɗari-ɗari da duk mai cewa yana jinyar hankali a wajen asibiti. Bayan haka, shi likita yana da hukumar da ta yi masa rajista, wadda za ta iya ƙwace lasisinsa idan ya tura marar lafiya inda aka cutar da shi, ita kuwa takardar kwas ɗin intanet ba lasisin jinya ba ce, ba shi kuma da hanyar gane ko kwas ɗin na mako biyu ne ko na shekara biyu.

Game da batun tsibbu, wannan rashin sani ne kawai. Wani likitan tiyata mutumin Sikotilan, James Braid, wanda ya yi aiki a birnin Mancesta, shi ya yaɗa sunan hifnosis a rubutunsa na 1843, bayan ya gane cewa babu wani ɓoyayyen ƙarfi a cikin al'amarin, tattara hankali ne wuri guda har jiki ya saki, mutum ya fi karɓar shawara. Wanda ake yi wa yana ji, yana sane, yana kuma iya cewa a'a. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a wasu fannonin jinya a 1955, kuma a 2008 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi cikin abubuwan da za a iya gwadawa ga masu ciwon hanjin nan mai kawo murɗa da kumburi ba tare da an ga rauni ba, idan an shekara ana shan magani babu sauƙi. Yana taimakawa wajen rage raɗaɗi da fargaba, amma hujjar amfaninsa wajen daina shan taba, alal misali, ba ta da ƙarfi. Ki riƙe wannan iyaka a bakinki duk lokacin da kike magana da ma'aikacin lafiya, domin mai cewa hanyarsa tana maganin komai shi likita ya fi gudu.

Yanzu ga shawarata: ki juya tambayarki. Ki bar tunanin yadda za su turo miki, ki fara da yadda ke za ki tura musu. Likita ba ya sanin mutum ta takardar shaida, yana saninsa ne ta marasa lafiyar da suka zo daga hannunsa. Idan cikin wata shida mutum biyar suka iso asibiti da wasiƙarki, a kan lokaci, ba a ɓata musu kuɗi ba, ba a hana su magani ba, sunanki zai zauna a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da kin roƙi kowa ba.

Su wa za ki tura? Duk wadda take jin muryoyin da babu mai jinsu sai ita, ko ta haƙiƙance ana bin ta ana son halaka ta, kada ki gwada nutsar da hankalinta ko sau ɗaya, domin hakan yana iya ƙara rikita ta. Haka wadda ta kwana uku ko huɗu ba barci amma ba ta gaji ba, tana ta zuba magana tana rabon kayanta. Haka mai jegon da ta sauya cikin makonni biyu na farko bayan haihuwa, ta rikice ko ta ƙi jaririnta, wannan ba ta jiran gobe. Wadda ta ce ta gaji da rayuwa, ko ta ambaci kashe kanta, ki tambaye ta kai tsaye cikin natsuwa, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar tare da ɗan uwanta. Mai farfaɗiya, da wadda ta kamu da tiramadol ko kodin, da tsohuwar da ta ruɗe farat ɗaya ko mai ruɗewa tare da zazzaɓi, duk na likita ne. Ko masu fargabar da kike gani kullum, ki lura da su: faɗuwar gaba tare da gumi da rama da rawar hannu tana iya zama ciwon ƙwayar maƙogwaro, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo, kasala da bugun zuciya kuma suna iya zama ƙarancin jini. Awon jini ke gano waɗannan, saboda haka ya kamata duk wadda ba ta taɓa ganin likita a kan damuwarta ba ta fara da can.

Akwai wani haɗari da nake so in tsaya a kansa, domin ya fi muni a irin zamanmu. Mutumin da aka nutsar da hankalinsa yana iya ƙirƙiro tunanin abin da bai faru ba, ya kuma farka yana rantsuwa ya faru. Ki auna matar da ke zaune da kishiya, an daɗe ana raɗa mata cewa sammu ne, sai a zamanku ta "tuno" ranar da aka zuba mata wani abu a fura. Aure zai mutu, zumunci ya yanke, a kan abin da tambayarki ce ta haifar da shi. Kada ki taɓa amfani da wannan hanya domin tono abin da ya wuce ko neman wanda ya yi wa wani asiri.

Wurin turawa kuwa, Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, sannan ga Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan domin awon farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ki je tun yanzu ki san ranakun ganin likita, da inda ake yankar kati, da abin da ake kashewa, domin "ku je asibiti" kawai ba ta kai talaka Shika.

Kowace marar lafiya ki haɗa ta da wasiƙa, shafi ɗaya, da Turanci tunda da shi ake rubuta fayil. Ki rubuta abin da ta zo da shi da kalmominta, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da idonki ya gani, da magungunan da take sha har na gargajiya, da abin da kika yi mata da yawan zaman da kuka yi, da dalilin turawar. Kada ki laƙaba wa cutar suna. "Ta ce tana jin murya da dare tun wata biyu" ya fi "tana da taɓin hankali" amfani, ya kuma nuna wa likita kin san matsayinki. Ki nemi izininta kafin ki rubuta, ki ajiye kwafi a inda ake kullewa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin marar lafiya na a riƙe sirrinsa a kuma nemi yardarsa, kuma a shekarar ce aka yi dokar kare bayanan jama'a. Labarin marar lafiya ba ya hawa WhatsApp, ko da an ɓoye suna, domin a Tudun Wada kowa ya san kowa.

Idan za ki koma gabatar da kanki, kada ki tare babban likita a baranda ranar da layi ya kai ƙofa. Ki nemi a ba ki lokaci a rubuce, ki kuma fara da nas-nas na sashen, da jami'an jin daɗin marasa lafiya, da masana halayyar ɗan Adam, waɗanda aikinsu ya fi kusa da naki. Ki roƙi ɗaya daga cikin masanan ya riƙa duba aikinki ko da sau ɗaya a wata. Tarukan ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, 10 ga Oktoba, wuri ne mai kyau na sabawa, zumunta kuwa a ƙafa take. Suna da bukatarki fiye da yadda fuskarsu ke nunawa, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Irin wannan haɗin gwiwa ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ya nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan asibitocin kiwon lafiya na matakin farko.

Abu biyu ke rushe wannan amana nan take. Na farko, ki ce wa marar lafiya ta rage ko ta daina maganin asibiti. Na biyu, la'ada: kada ki ba kowa kaso domin ya turo miki, kada kuma ki karɓa, domin ranar da kuɗi ya shiga, marar lafiya ta zama haja. Idan aka fara turo miki, wataƙila mai rashin barci ko mai fargabar da likita ya riga ya duba, ki mayar da rahoto a rubuce bayan zama huɗu ko shida, har da waɗanda ba su ji sauƙi ba. Yana iya ɗaukar shekara kafin a turo miki mutum ɗaya, wani likitan ma ba zai taɓa turowa ba, amma ke ki ci gaba da turawa. A unguwa kuma, ki bar 'yar uwar marar lafiya ta zauna a ɗakin idan ita ta yarda, ki kuma yi wa limaminku bayanin abin da kike yi dalla-dalla.

TAMBAYA: Likita, maiɗakina tana shan maganin damuwa daga asibiti wata huɗu ke nan, ta warware sosai. An ba mu labarin mai nutsar da hankali. Za ta iya ajiye ƙwayoyin ta koma can? Daga wani magidanci, Samaru.

AMSA: Malam, Allah Ya ƙara mata lafiya, amma kada ta ajiye. A ƙa'ida ana ci gaba da maganin damuwa aƙalla wata shida bayan an warware, kuma a hankali ake janye shi, domin yanke shi farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci, yana kuma iya dawo da cutar. Ranar da za ta koma ganin likita ka raka ta, ku gaya masa kuna son gwada nutsar da hankali a haɗe da maganin, ku ji ko ya dace da irin ciwonta. Idan ya amince, ku nemi ya rubuta 'yar takarda ku kai wa mai nutsar da hankalin, ita ma ta rubuto masa abin da take yi.